Yadda Za Ka Tuƙa Mashin A Abuja Masu Mota Su Riƙa Ganin Ka

Duk inda mota ta kaɗe mai mashin, magana ɗaya ce ke fara fitowa daga bakin direba: "Wallahi ban gan shi ba." Sau da yawa kuma ba ƙarya yake yi ba. Idon mai mota ya saba da neman abu mai faɗi irin motarsa, mashin kuwa siriri ne, ƙarfen da ke gefen gilashin gaban mota kaɗai ya isa ya ɓoye ka kai da wanda ka goya. Ga waya a hannun direban, ga gilashi a rufe, wani ma baƙin gilashi ne. Don haka, ƙanena, tunda ka sayi mashin za ka fara shiga titin Abuja, ka sa a ranka cewa babu direban da ya gan ka sai ka tabbatar da hakan da idonka. Na daɗe ina zirga-zirga tsakanin Nyanya, Kubwa, Lugbe da cikin gari, kuma duk abin da zan zayyana maka a kan wannan ya ginu.

Kafin mu shiga, ka san cewa tun 2006, lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Wannan ya sa direbobin Wuse, Garki, Maitama da Asokoro ba su saba da mashin a gefensu ba kamar direbobin Mararaba ko Kano. Wanda bai sa ran ganin ka ba, ba zai neme ka a madubi ba.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Hular kwano ta gaske, mai soso a ciki da igiyar ɗaurewa a haɓa. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta. Hular leburorin gini ba hular mashin ba ce, kuma hular da ba a ɗaure ba tana riga kanka isa ƙasa. Ka zaɓi fara. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan masu mashin a ƙasar Niyu Zilan ya nuna masu farar hula sun fi masu baƙa ƙarancin haɗari da kashi 24 cikin ɗari, masu tufafi mai ƙyalli kuma sun fi marasa shi da kashi 37. Idan baƙa ka riga ka saya, liƙa mata sitika mai ƙyalli a baya da gefe biyu.

Falmaran mai ƙyalli, koriya ko ruwan lemo, irin ta ma'aikatan hanya. Idan babu, farar riga ta fi baƙa nesa ba kusa ba. Kada ka sa falmaran sannan ka goya jakar baya a kanta, ka rufe amfaninta ke nan. Sai dai ka rufa ta a kan jakar. Mai akwatin kai saƙo shi ma ya zagaye akwatin da sitika mai ƙyalli, ya kuma duba ko akwatin bai sauko ya rufe danjar baya ba.

Madubi biyu. Na san yara na cire su ko su lanƙwasa su ciki wai don gayu ko don kutsawa tsakanin motoci. Wannan wauta ce, ba wani suna gare ta ba. Idan ɗaya gare ka, ɗaura shi a hagu kafin ka sami na biyu.

Sai fitilar gaba, danjar birki, sigina huɗu da hon, duk masu aiki. Takalmi sawu-ciki, ba silifas ba. Safar hannu. Ƙaramin tsumma a aljihu don goge fitila da gilashin hula. Lasin ajin A da takardun mashin, don kada ganin jami'an duba ababen hawa na VIO ya sa ka juya a guje cikin motoci.

1. DUBA MASHIN KAFIN KA FITA

Aikin minti biyu ne. Tayar da injin, kunna fitila, ka sa tafin hannu a gabanta ka ga haske. Taka birkin ƙafa ka waiwaya ka ga danja ta kama, sannan ka matsa na hannu ka sake dubawa, domin kowanne da makunninsa, kuma sau da yawa ɗaya na mutuwa mai mashin bai sani ba. Idan rana ta yi ƙarfi ba ka gani, juya bayan mashin ga bango. Gwada sigina, danna hon, taɓa tayoyi ka ji iska. Tayar da ta suɗe a canza ta kafin damina. Zauna yadda kake tuƙi ka saita madubi ya nuna maka hanya, ba kafaɗarka ba.

Tattara rigarka. Babbar riga ko jallabiya a naɗe ta a zauna a kai. Idan mace za ka goya, ka ce mata cikin ladabi, "Hajiya, a tattara hijabin a riƙe a cinya," kuma kada ka ja sai ka ga ta yi. Sarƙa da tayar baya ba sa jira.

2. KUNNA FITILA KO DA TSAKAR RANA

Mutane za su yi ta yi maka alama da hannu wai ka manta fitila a kunne. Ɗaga musu hannu ka wuce. Ƙaramin haske ya isa, babban yana kashe wa na gaba ido ya kasa gane nisanka. Ka lura, a mashina da yawa irin namu hasken fitila da injin yake tafiya, idan ka saki totur sai ya dushe. To a daidai mahaɗa, inda ka fi buƙatar a gan ka, nan ne yake raguwa. Kada ka dogara da ita kaɗai.

3. ZAƁI WURIN DA ZA KA ZAUNA A KAN TITI

Nan ne sabon mai mashin ya fi yin kuskure. Tsoro na sa shi ya maƙale a bakin titi, kusa da kwalbati, yana ganin ya ba motoci hanya. A nan yashi yake taruwa, a nan ƙusa da fasasshen gilashi suke, a nan tasi ke faɗowa ɗaukar fasinja, kuma ka nuna wa mai mota cewa zai iya raɓa ka ya wuce a layi ɗaya. Idan ya matse ka ba ka da wurin gudu.

Ka raba layinka gida uku a zuciyarka: hagu, tsakiya, dama. Tunda a Najeriya hannun dama muke bi, direba kuma a hagu yake zaune, wurin da ya fi dacewa a mafi yawan lokaci shi ne sawun tayar hagu ta motar da ke gabanka. Daga nan kana cikin madubinsa na gefe da na ciki, kana kuma hango abin da ke gabansa. Tsakiyar layi a kusa da danja da tashoshi a guje ta, nan baƙin mai ke ɗiga daga motoci. Amma kada ka kafe a wuri ɗaya. Babbar mota na tahowa daga gaba, matsa dama. Motoci na fake a dama, matsa hagu, ka bar faɗin ƙofa tsakaninka da su. Ka riƙa leƙa cikin motar da ke fake: idan ka ga kai a kujerar direba, ko danja ta mutu yanzun nan, ƙofa na gab da buɗewa.

Gwaji ɗaya ne ba ya ƙarya: dubi madubin motar. Idan ba ka ga fuskar direba a ciki ba, shi ma bai gan ka ba. Wurin da ya fi ɓoye ka shi ne daidai ƙofar baya zuwa tayar baya, musamman ta hannun dama. Kada ka jera da mota a nan kuna tafiya tare. Ko ka ƙara wuta ka wuce gabanta, ko ka saki ka koma bayanta.

A manyan hanyoyi irin ta Kubwa da ta filin jirgin sama, inda akwai ƙaramar hanyar gefe, bi ta nan. Ƙa'idar gudun mashin a cikin gari kilomita 50 ce a awa, motocin da ke tsakiyar waɗannan hanyoyi kuwa ninkin haka suke yi, wasu har fiye. Boxer ko Jincheng ba ta da abin da za ta nema a cikinsu. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

4. BAR TAZARA, GABA DA BAYA

Idan motar gabanka ta wuce sandar fitila, fara ƙirga: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. Idan ka iso sandar kafin ka gama, ka matso da yawa. A gudun kilomita 50 kana cin kusan mita 14 a duk daƙiƙa, kuma kafin hannunka ya kai ga birki daƙiƙa ɗaya ta tafi. Tazarar nan ce kuma ke ba ka damar ganin ramin da motar ta haye ta bar maka.

Na baya ya fi wuyar sha'ani. Mu masu mashin mun saba rage gudu da giya, to ka sani sauke giya ba ya kunna danja. Mai binka ba shi da labarin ka rage. Don haka ka ɗan taɓa birki sau biyu ko uku danja ta yi ƙiftawa kafin ka rage da gaske. Idan wani ya manne maka a baya, kada ka ƙara gudu don ka tsere masa, zai ƙara ne shi ma. Ƙara tazarar gabanka, da ka sami wuri ka sa sigina ka ba shi hanya.

5. MAHAƊA, KWANA DA WURIN JUYAWA

Idan za ka manta duk abin da na faɗa, kada ka manta wannan mataki. A 1981 an fitar da wani babban bincike a Amurka da ya bi diddigin haɗurran mashin 900 a yankin Los Anjeles. A cikin waɗanda suka haɗa da wata mota, kashi biyu cikin uku mai motar ne ya shiga hanyar mai mashin, kuma wanda ya fi yawa shi ne motar da ke tahowa daga gaba ta karya kwanar hagu ta gicciye shi. Su ma hannun dama suke bi kamar mu, kuma abin da muke gani a nan ke nan kullum, musamman a wuraren juyawa da bakin gidajen mai da ƙofofin rukunin gidaje a Gwarinpa da Lugbe.

Ga yadda za ka yi. Tun daga nesa ka saki totur, ka ɗora yatsu biyu a kan birkin hannu, ƙafa a kan na baya. Ka matsa zuwa ɓangaren layin da ya fi nisa da motar da kake zargi. Sannan ka sa ido a kan tayar gabanta. Ba fuskar direba ba, taya. Direba zai iya kallon ka tsaf, har ka ga kamar kun haɗa ido, alhali bayanka yake kallo yana lissafin motar da ke tafe. Taya kuwa ba ta yaudara: idan ka ga ta fara murɗawa ko ƙarfen tsakiyarta ya fara juyawa ko da kaɗan, motar ta taso, kama birki. Idan kana shakkar an gan ka, ɗan karkaɗa mashin hagu da dama a cikin layinka tun kana nesa. Fitilar da ke tahowa a miƙe ba ta jan ido, wadda ke motsi gefe da gefe tana ja. Ka haɗa da hon gajere sau biyu.

Kada ka ɓuya a bayan bas ko jif yayin shiga mahaɗa. Mai jiran fitowa yana ganin bas ɗin ne kawai, da ta wuce zai danno kai, kai kuma kana nan biye. Ja baya ka fito inda zai hango ka.

Hattara da mai kirki. Wani direba zai tsaya ya yi wa wata mota alama ta ratsa, kai kana tahowa ta gefensa ba ka san an yi wannan yarjejeniya ba. Duk inda ka ga layi ya tsaya an bar giɓi, akwai abin da ke shirin fitowa ta giɓin.

A danja, tsaya a gefen layi, ba daidai tsakiyar bayan mota ba, mashin a giya ta ɗaya, idonka a madubi har sai mota ɗaya ko biyu sun tsaya a bayanka. Idan kore ya kama kada ka zama na farkon fita. Dubi hagu da dama tukuna, masu karya danja a Abuja ba su da iyaka, balle da sassafe da ranar Lahadi da titi ke fayau. Idan danjar ta mutu kuma babu jami'i, jira wata mota da za ta bi hanyarka ta fara shiga, ka ratsa tare da ita tana kare ka.

A shataletale irin na Berger, riƙe layinka sosai, kada ka bi ta gefen waje alhali ba fita za ka yi ba, mai fita zai yanke ka. Bayan kowace kwana ka kashe sigina. Ta mashin ba ta mutuwa da kanta kamar ta mota, kuma siginar da aka manta gayyata ce ga mai jiran fitowa.

6. TASI, KABU-KABU DA KEKE

Mai neman fasinja ba hanya yake kallo ba, bakin hanya yake kallo. To kai ma ka kalli abin da yake kallo. A Berger, Area 1, AYA ko ƙarƙashin gadar Nyanya, da zarar ka ga wani a tsaye ya ɗaga hannu ko ya nuna yatsa, ka san motar da ke gabanka ko ta hagunka za ta yanko dama ba sigina. Kada ka taɓa bi tsakanin tasi da bakin titi. Ko bai yanko ba, fasinja zai buɗe ƙofa. A unguwannin da Keke Napep ke aiki, ka tuna yana iya juyawa a wuri ɗaya kamar an murɗa shi, don haka a ba shi fili.

7. TIFA, TIRELA DA TANKA

Tifofin da ke sauko da dutse daga Mpape da tankokin hanyar Zuba ba abokan jerawa ba ne. Direbansu ba ya ganin abin da ke dab da hancin motarsa, ba ya ganin bayansa, gefen damansa kuwa kusan duka duhu ne. Idan ka ga tirela ta buɗe hagu a bakin kwana, ba hanya ta ba ka ba, dama za ta shiga, kuma tayoyin baya za su share wurin da ta bari. Mutane da yawa sun tafi ta wannan giɓi. Wuce su ta hagu kawai, a miƙaƙƙiyar hanya, da sauri, ba tare da tsayawa a gefensu ba. A gangara irin ta Kugbo kada ka shiga gabansu ka rage gudu, a hawa kuma kada ka tsaya dab da bayansu, suna iya zamewa baya. Tifar da ba a rufe ba tana watso tsakuwa, sauke gilashin hularka ka ja baya.

8. RATSA CUNKOSO

Na san ba za ka tsaya a layi da safe daga Mararaba zuwa AYA ba, don gudun wannan ne ma ka sayi mashin. To ka ratsa a hankali, a gudun da in ƙofa ta buɗe za ka iya tsayawa. Ratsa lokacin da motoci ke tsaye ko suna jan ciki, da sun fara gudu ka koma cikin layi. Wurin da motoci biyu suke kafaɗa da kafaɗa ya fi aminci, domin ba mai iya canza layi. Inda giɓi ya buɗe a gefe ɗaya, nan wani zai faɗa ba tare da duba madubi ba. Ka kula da masu talla da yara masu goge gilashi, suna fitowa daga gaban bas ba zato. Bin hannun da ba naka ba kuwa, ko na mita ashirin ne, ka raba kanka da shi. Babu mai duba ɓangaren da bai kamata abin hawa ya fito ba.

Idan ka ji jiniya, sa sigina ka gangara dama ka tsaya. Kada ka koma titi da wucewar motar farko, jira har ta ƙarshe, sannan ka ƙara jira kaɗan, domin akwai direbobin da ke manne wa bayan ayari a guje.

9. RANA, RUWA, HAZO DA DARE

Dubi inuwarka. Idan ta miƙe doguwa a gabanka, rana tana idon masu fuskantarka da masu jiran fitowa, ba sa ganin ka. Idan kuma kai rana ke duka a ido, kamar mai shigowa gari daga Lugbe da safe ko mai komawa da yamma, to na bayanka ma haka, sai ka yawaita duba madubi da taɓa danja.

Ruwan farko ya fi kowanne santsi, saboda yana taso da man da ya daɗe a kan kwalta. Ninka tazararka, ka kama birki biyun a hankali, ka guji taka farin fentin titi da murfin ƙarfe. Gilashin masu mota ya yi gumi, madubinsu ya jiƙe, ganinsu ya ragu fiye da naka. Idan za ka fake a ƙarƙashin gada, fitar da mashin daga kan kwalta gaba ɗaya, kai kuma ka hau can gefe. Rigar ruwa a sayi mai haske, ko a ɗora falmaran a kanta. Da hunturu kuma ƙura kan rufe fitila da danja cikin yini ɗaya, a nan tsummanka zai yi aiki.

Da dare fitilarka ɗaya ce, mai hango ka zai iya ɗauka mota ce mai nisa. Rage gudu yadda za ka iya tsayawa a iyakar inda haskenka ya kai, domin motar da ta lalace a hanya sau da yawa ganye kawai ake zuba mata a baya. Idan na gaba ya dalle ka da babban haske, kada ka kalle shi, mai da ido gefen dama na titi. Idan kwan fitilarka ko na danja ya mutu a hanya, kada ka ce bari in lallaɓa a bayan wata mota. Nemi wuri mai haske ka ajiye mashin, ko ka tura shi ta gefe zuwa wurin bakanike.

10. IDAN AN YANKE KA KO AN TAƁA KA

Za a yanke ka, za a matse ka, wani ma ya zage ka a kai. Kada ka bi shi, kada ka doki madubinsa, kada ka jera da tagarsa kana masifa idonka ba ya kan hanya. Ko gaskiya ce da kai, shi ƙarfe ne ya kewaye shi, kai fatarka ce. Idan ranka ya ɓaci sosai, gangara ka sha ruwa minti biyu.

Idan kuwa an kai ga faɗuwa kuma kana iya tashi, fara fitar da kanka daga titi, mashin ya biyo baya, domin motar da ke tafe ba ta san abin da ya faru ba. Ɗauki hoton lambar motar da yadda suka tsaya kafin a matsar. Idan ɗan'uwa ne ya faɗi, kashe injin mashin ɗinsa, a sa mutum can baya yana tsayar da motoci, kada a cire masa hula ko a ciccibe shi hannu da ƙafa idan yana kukan wuya ko baya, sai dai idan barinsa a wurin ya fi haɗari. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kira FRSC a 122 ko lambar gaggawa ta 112, ka faɗi sunan hanyar, hannun da kuke, da gada ko gidan man da ya fi kusa. Ka kuma rubuta lambar wani naka a takarda ka liƙa a cikin hularka, saboda wayar da ke kulle ba mai iya buɗe ta.